Haɗaɗɗun Yatsu, Dashen Fata da Tsoron Motsi: Yaushe Hutu Yake Magani, Yaushe Yake Zama Cuta?



A gidanmu da ke Agege mun yi jinyar mutum biyu a lokaci guda, kuma har yau in na tuna sai in ga darasi ɗaya ne Allah Ya koya mana ta hanya biyu. Ta farko 'yar yayana ce, wadda aka haifa da yatsu biyu na hannun dama a manne. Na biyu mahaifinmu ne, wanda bayansa ya riƙe tun ranar da ya sa hannu wajen tayar da wani bijimi da ya kwanta a cikin tirela. Ita yarinyar, likita ya ce kada hannun ya motsa na mako uku bayan tiyata, mu kuma muka nemi mu mayar da shi wata uku. Shi Baba, babu likitan da ya hana shi motsi, amma sai da ya shekara biyu yana lallaɓa bayansa kamar ƙwai. Ni ne ɗan rakiya kuma tafinta a duk zuwa asibiti, don haka wasu abubuwan da kunnena na ji su, sauran kuma na bi na karanta.

Me ke sa yatsu su haɗe?

Cindo kowa ya san shi a ƙasar Hausa, har suna ake sa wa yaro da shi. Haɗaɗɗun yatsu kuwa ba mu saba gani ba, shi ya sa in aka haifi jariri da su sai surutu ya yi yawa. Wannan ta ce uwar ce ta tsallake wani abu tana da ciki, waccan ta ce sammu ne. Babu ko ɗaya.

Hannun kowane ɗan Adam a cikin mahaifa yana farawa ne a shafe kamar faranti, babu rabuwar yatsu. Tsakanin mako na 6 zuwa na 8 na samuwar ciki, naman da ke tsakanin yatsun yake narkewa da kansa, yatsu su fito ɗaya bayan ɗaya. In wannan narkewar ba ta kammala a wani wuri ba, sai a haifi yaro da yatsu a manne. Ka ga ke nan abin ya faru tun kafin wata uwar ma ta tabbatar tana da ciki.

Ana samun haka a kusan jariri 1 cikin 2,000 zuwa 3,000, kuma maza sun fi mata. A hannu ya fi faruwa tsakanin yatsan tsakiya da na zobe, a ƙafa kuma tsakanin na biyu da na uku. Kusan rabin masu shi a hannu biyu suke da shi. Wani gadonsa ake yi a dangi, wani kuma haka kawai yake zuwa. Ko a shanu akwai shi: ana haifar ɗan maraƙi da kofato a haɗe babu tsaga, musamman a irin shanun madara na Turawa.

Likitoci sun kasa shi gida biyu. Akwai wanda fata ce kawai ta haɗa yatsun, kowanne da ƙashinsa. Akwai kuma wanda ƙasusuwan ma sun manne, wani lokaci har farce ɗaya suke tarayya a kai. Ido ba ya bambance su da kyau, sai an ɗauki hoton ƙashi. Sannan likita zai duba yaron gaba ɗaya, don a wasu 'yan kaɗan haɗewar yatsu tana zuwa tare da matsala a ƙoƙon kai ko tsokar ƙirji.

Akwai kuma haɗewar da ba haihuwa aka yi da ita ba, kuma ita ce muka fi gani a unguwanninmu inda ake girki a bakin ɗaki. Yaro ya tsoma hannu a tafasasshen ruwa ko ya dafa garwashi, a naɗe masa yatsu duka a ƙunshi guda, kafin wata biyu sun warke a manne. Yatsun da suka ƙone ɗaya bayan ɗaya ake naɗe su, kuma a asibiti. Abin da za ka yi a gida shi ne ka sa wurin ƙarƙashin ruwa mai gudana na minti 20. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da baƙin mai.

Me ya sa aska kaɗai ba ta isa ba?

Ranar suna wani dattijo ya ce wa Yaya, “Ai wannan aikin wanzami ne, tsaga ɗaya zai yi shi ke nan.” Allah Ya taimake mu Yaya bai yarda ba. Ga dalili, kuma kai ma gwada yanzu. Samu zare ka zagaye yatsunka biyu a haɗe, ka auna tsawonsa. Sannan ka zagaye kowane yatsa shi kaɗai, ka haɗa tsawon biyun. Za ka ga na biyun ya fi. Wannan bambancin shi ne fatar da yaron bai da ita. In aka tsaga kawai, gefen kowane yatsa zai zauna da ɗanyen nama a buɗe, kuma nama biyu ɗanyu in suna kallon juna komawa suke yi su manne, wannan karon da tabo mai tauri da zai lanƙwasa yatsan. Ga kuma jijiyoyin jini da na ji da suke bi ta gefen yatsu, ƙanana kamar zare. In aska ta datse su, yatsa zai iya mutuwa.

Yadda likitan tiyatar hannu yake yi daban ne. Ana sa wa yaron maganin barci. Ba a yanka a miƙe, sai a karkace kamar haƙoran zarto, domin tabon da ya miƙe a tsawon yatsa in ya tsuke yana janyo yatsan ya tanƙware. Ana ɗago fata mai rai daga bayan hannu a shimfiɗa ta a gindin yatsun, ta zama sabon lungun da ke tsakaninsu. Wuraren da suka rage babu rufi, nan ake yi wa dashen fata.

Fatar daga jikin yaron ake ɗauko ta, ba ta wani ba. An fi yankowa daga gefen mara, wajen lanƙwasar cinya, wasu kuma daga cikin gwiwar hannu ko wuyan hannu, a ɗinke wurin ya bar ɗan siririn tabo. A yatsu an fi son fata mai cikakken kauri, saboda ba ta tsukewa sosai kamar siririn saman fata da ake ferewa daga cinya don rufe babbar ƙuna. In haɗewar ba ta kai ƙarshen yatsu ba, wasu likitocin suna iya rufewa ba tare da dashe ba.

Maganar lokaci kuma, yawanci ana yi ne yaro yana tsakanin shekara 1 zuwa 2. Amma in babban yatsa ne ya haɗe da manuni, ko ƙaramin yatsa da na zobe, ana gaggautawa tun yana da kamar wata 6, saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne, gajeren yana janyo dogon ya karkace yayin da suke girma. In yatsu uku ne a manne, ba a raba su rana ɗaya. Ana yin gefe guda, a jira watanni, a dawo a yi ɗayan, don kada na tsakiyar ya rasa jini ta ɓangare biyu. To kada ka ce likita neman kuɗi yake in ya ce sau biyu za a shiga. Na ƙafa kuwa yawanci ba a taɓa su, don ba sa hana tafiya.

Mako ukun da ba a wasa da su

A nan ne hana motsi yake da gaskiya. Fatar da aka dasa ta zo ne babu jijiyar jini ko ɗaya. A kwana biyun farko tsotsar ruwan jiki take yi daga naman da aka ɗora ta a kai. Daga nan ƙananan jijiyoyi su fara haɗuwa da nata, kafin mako guda jini ya fara zagaya ta. Kamar dashen tumatir ne a fadama: in kana tuge shi kullum kana duba saiwa, ba zai kama ba. Goga kaɗan, ko jini ya taru a ƙarƙashinta, ko ƙwayar cuta ta shiga, sai fatar ta mutu a koma baya.

Shi ya sa ake sa wa yaron simintin asibiti har sama da gwiwar hannu, ko da yake yatsu kawai aka taɓa. In gajere ne, yaro zai zare shi kamar safa. Yakan yi mako 2 zuwa 4, gwargwadon abin da likita ya gani. A wannan lokacin kada ruwa ya taɓa shi, kada a soka tsinke a ciki don susa, kada a kwance don kaka ta zo daga Arewa tana son ta gani. In yaron ya yi zazzaɓi, ko wurin ya fara wari, ko simintin ya jiƙe ko ya zame, ko kuka ya ƙi tsayawa duk da magani, a koma asibiti a ranar.

Bayan an cire siminti

Ranar da aka buɗe hannun 'yarmu, uwarta kuka ta fashe da shi. Fatar da aka dasa ta fi ta tafin hannu duhu, ga ɓawo, ga alamun ɗinki. Likita ya ce haka yake, duhun ba lalacewa ba ne, kuma fatar da aka ɗauko daga mara tana iya fitar da 'yan gashi in yaro ya balaga. Ya ce dashe ya kama, a bar ta ta yi wasa.

Da muka dawo gida sai aka yi akasin haka. Aka sa mata safa a hannun. In ta miƙa shi za ta ɗauki abu, mutum uku za su ce “kul!” a tare. Yara in sun zo wasa a kore su. Cikin mako biyu yarinya ta koyi darasin da muka koya mata: ta maƙale hannun dama a ƙirji, komai da hagu, in ka taɓa shi ta ƙwalla ƙara tun kafin ka matsa.

Na ce wa uwarta, “Anti, likita fa cewa ya yi a bar ta.” Ta ce, “Kai ba ka san zafin haihuwa ba. In ɗinkin ya farke kai za ka biya?”

Da muka koma, likitar fisiyo ta duba ta ce yatsun sun fara ƙagewa. Ta yi mana bayani cewa tabo yana ci gaba da tsukewa na tsawon watanni, gaɓar da ba a lanƙwasa ta kuma sandarewa take yi. Fatar da ba a taɓawa ita ma sai ta riƙa jin ko iska kamar yanka. Abin da ta ba mu ba wani abin kuɗi ba ne. A riƙa murza tabon a hankali da mai, irin su man kaɗe, tunda ya riga ya rufe. A riƙa shafa wurin da auduga, in ta saba a koma tawul, har a kai ga ta tsoma hannu cikin kwanon shinkafa ko gero tana laluben abin wasa. A ba ta ƙwallo, a bar ta ta ci tuwo da hannunta. Da dare kuma a sa mata ɗan abin da ke raba yatsun, don fatar lungun kada ta sake hawowa sama, abin da yakan faru yayin da yaro ke girma, shi ya sa ake ci gaba da kai shi dubawa na shekaru. Ta ƙara da cewa yaro fuskar uwarsa yake karantawa: in ta firgita, shi ma ya firgita.

A zaune nake ina fassara wannan magana sai Baba ya faɗo mini a rai.

Bayan Baba

Duk ɗan kara ya san yadda shanu suke isowa bayan kwana biyu a mota daga Potiskum ko Maigatari. Wata ran wani bijimi ya kwanta ya ƙi tashi, Baba ya kama wutsiya yara suka kama ƙaho, yana ɗagawa ya ji bayansa ya ce ƙas. Ya kwanta mako biyu. Zafin farko ya ragu, amma bai tafi duka ba. Aka yi ƙaho, aka yi gashi, aka sha haɗin kemis. Aka ɗauki hoto, wani ya duba ya ce masa, “Alhaji, ƙashin bayanku ya cinye, ku yi hankali.”

Wannan kalma ta fi bijimin yi masa illa. Daga ranar ya daina sunkuyawa. Ya sayi bel ya ɗaure ƙugu dare da rana. Salla a kan kujera. Takalmi sai an sa masa. Kara ya daina zuwa, wai kada sa ya bangaje shi, ya koma ciniki ta waya. Cinikin dabba kuwa ido ne da hannu. Abokan hulɗa na shekara da shekaru suka koma wurin wasu, bashin da yake bin mahauta ya ƙi fitowa. Ya rame a ƙafafu ya yi tumbi, barci ya gagara, faɗa ya yi yawa a gida. Ciwon kuma, maimakon ya ragu da duk wannan lallaɓawa, ƙaruwa ya yi.

Yadda tsoro yake ciyar da ciwo

Ciwon da ya wuce wata 3 shi likitoci suke kira daɗaɗɗen ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya. A kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a nuna a ce ita ce sanadi.

Abin da ya kama Baba yana da suna. A 1990 wasu masana a Amurka suka kira shi kinisiyofobiya, wato tsoron motsi saboda zaton zai jawo rauni. Har takardar tambayoyi 17 suka tsara don auna shi, ana kiranta ma'aunin Tampa. A shekarar 2000 kuma Johan Vlaeyen da Steven Linton suka zana yadda abin yake zagayawa. Mutum ya ji ciwo. Ya fassara shi da cewa wani abu yana lalacewa a ciki. Tsoro ya shiga, ya daina motsin. Tsoka ta yi rauni, gaɓoɓi su ƙage, hankalinsa duk ya koma kan wurin. Ranar da ya ɗan motsa sai ya ji zafi fiye da da, ya ce “ka gani ko?”, ya ƙara janyewa. Wanda bai tsorata ba kuwa yakan koma harkarsa a hankali, ya fita daga zagayen. Hausawa sun riga sun faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Ciwo kamar maigadi yake. Aikinsa ya busa usur in ɓarawo ya shigo. Amma maigadin da aka taɓa yi wa sata, in bai samu natsuwa ba, ko leda iska ta kaɗa sai ya tashi unguwa. Usur ɗin gaskiya ne, kowa ya ji shi, ɓarawon ne babu. Haka jijiyoyi da ƙwaƙwalwa suke zama in ciwo ya daɗe. A 1995 mujallar likitoci ta BMJ a Ingila ta kawo labarin wani magini ɗan shekara 29 da ya diro kan ƙusa mai tsawon santimita 15, ta huda takalminsa ta ɓullo ta sama. Azabar da yake ji ta sa sai da aka yi masa allurai masu ƙarfi kafin a zare ta. Da aka cire takalmin sai aka ga ƙusar ta bi ta tsakanin yatsunsa ne, ko ƙwarzane babu. Ba ƙarya yake yi ba, zafin ya ji shi. Don haka kada wanda ya ce wa mai daɗaɗɗen ciwo raki ne ko lalaci. Abin da ake cewa shi ne yawan zafi ba kullum yake nuna yawan ɓarna ba.

Hoton ma haka. Wani nazari na 2015 ya tattara hotunan bayan mutanen da ba sa jin ciwon komai, ya samu alamar zaizayewar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Wato abin da aka ce wa Baba “ya cinye”, sa'o'insa da yawa da suke kokawa da shanu a kara suna da shi ba su sani ba. Furfura ce ta ciki.

Kwanciya fa? A 1986 Richard Deyo da abokan aikinsa a Amurka suka gwada kwanciyar kwana 2 da ta kwana 7 ga masu sabon ciwon baya. 'Yan kwana 2 sun fi saurin komawa aiki, kuma ba su fi sauran shan wahala ba. A 1995 wani gwaji a ƙasar Finland ya nuna waɗanda suka ci gaba da harkokinsu daidai ƙarfinsu sun riga masu kwanciya warkewa. Mu 'yan kara bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Saniyar da ta kwanta ba a barinta ta kwana biyu a ƙasa, ana juya ta, ana tallafa ta ta miƙe, don mun san in ta daɗe ƙafafun mutuwa suke yi.

Yadda ake fita

Da wannan misalin saniyar na shawo kan Baba. Na ce, “Baba, ku da kanku kuka koya mana ba a barin dabba a kwance. Ku zo mu je a duba ku.” Ya yi shiru, can ya ce, “Ja'iri. To nemo mota.”

Bayan likita ya tabbatar babu wata cuta mai haɗari, sai aka tura shi fisiyo. Ba a ce ya je ya ɗaga buhu ba. An sa shi ya lissafa abubuwan da yake tsoro, daga ƙarami zuwa babba: ɗaukar buta daga ƙasa, sa takalmi, ruku'u, sujada, hawa Keke, shiga cikin garke. Aka fara da na ƙasa. Kafin ya yi, a tambaye shi me yake zaton zai faru. Ya ce bayan zai tsinke. Ya yi, bai tsinke ba. Gobe a maimaita, har jiki ya yarda, sannan a hau na gaba. Tafiya ta minti biyar aka fara da ita, ana ƙarawa kaɗan kaɗan duk mako. Bel ɗin aka riƙa rage sa'o'insa har aka ajiye.

Ƙa'idar da aka ba shi ita ce: in zafi ya ɗan ƙaru lokacin motsi amma ya lafa kafin washegari, ba ɓarna ba ce, a ci gaba. In ya wuce haka, a rage adadi, kada a daina. Kuma ranar da ya tashi garau kada ya ce zai rama aikin wata guda, don shi ke jawo kwanciyar kwana uku.

Maganar salla, addini ya yi rangwame ga wanda ba zai iya tsayuwa ba, wannan babu jayayya. Tambayar da mutum zai yi wa kansa ita ce, na gwada na kasa ne, ko tsoro ne ya hana ni gwadawa? Likita da malami kowanne yana da abin da zai taimaka da shi a nan.

Sai magani. Haɗin da ake saya a kemis ko wurin masu talla a tasha, yawanci akwai irin su diclofenac a ciki, wanda in an daɗe ana sha yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Tramadol kuwa mun ga yadda ya gama da samari masu lodi da dako: an fara don a ji ƙarfin aiki, an ƙare ba a iya tashi sai da shi. Magani na taimakawa ne ka samu ka motsa, ba ya maye gurbin motsin.

Inda ba a cewa a daure

Kada wani ya karanta wannan ya ce duk ciwon baya tsoro ne. A garzaya asibiti in akwai ɗaya daga cikin waɗannan: ƙafa tana rasa ƙarfi ko tana jan ƙasa; fitsari ko bayan gida ya riƙe ko yana zubowa ba a sani ba; tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓi; zazzaɓi, zufan dare ko rama babu dalili, don tarin fuka yana kama ƙashin baya; ciwon da ya biyo bayan faɗowa daga mota ko haɗari; ko mai ciwon ya taɓa yin kansa. Haka in hannu bayan rauni ko tiyata ya kumbura, launinsa ya canza, yana ƙuna kamar wuta, a nuna wa likita da wuri.

Mu da muke Kudu ba sai mun jira tafiya Dala a Kano ba. A Legas akwai asibitin ƙashi na Igbobi, da LUTH a Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja. A Ibadan akwai UCH, a Inugu akwai asibitin ƙashi na tarayya, a Benin akwai UBTH, a Fatakwal akwai UPTH. Ka nemi sashen tiyatar gyaran fata da ƙuna in maganar yatsu ce, ka nemi sashen fisiyo in maganar motsi ce. In Turanci ko Yarbanci zai ba ka wahala, tafi da wanda zai fassara maka, kuma kada ka fito sai ka yi tambaya uku: kwana nawa za a hana motsi, yaushe za a fara, kuma wane irin motsi? In kuɗi ne matsala, tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin, sannan ka sanar da Sarkin Hausawa ko shugabannin ƙungiyarku tun kafin ranar tiyata ta matso.

Yau 'yarmu tana makarantar allo, da wannan hannun take riƙe alƙalami, in tana alwala har tsettsefe yatsun take yi tana nuna wa ƙawayenta tabon. Baba bai rabu da ciwon baya kwata-kwata ba, wata ran yakan tashi da shi, musamman in ya daɗe a mota. Amma ya koma kara, yana sujada da goshinsa a ƙasa, kujerar kuma an mayar da ita tsakar gida ana zama a kai ana tsince shinkafa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Amin.